Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Lamunin Kuɗi Ga Mai Son Ɗauke Matarsa Zuwa Amurka Ko Ingila

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai ɗan tsallaka teku, amma fa ba yawon buɗe ido za mu ba. Wata matsala ce muka biyo sawunta, wadda ta riga ta shigo mana har cikin zauruka.

Kowa ya sani 'ya'yanmu da aka haifa a nan Kurmi sun bazu cikin duniya. Wasu karatu ya kai su, wasu aiki, wasu kuma ƙuri'ar bizar nan ta Amurka ce ta faɗa kansu, tun daga 1995 har zuwa zagayen 2015 da aka cire Nijeriya daga cikinta. To idan lokacin aure ya yi, galibinsu gida suke waiwayowa, kuma hakan abin yabo ne. Sai a ɗaura aure, a raba goro da alewa, a ce amarya za ta bi mijinta nan da wata uku. Wata uku ya zama shekara, shekara ta zama biyu, ta zama uku. Iyayen yarinya su fara tsarguwa, dangin ango su fara kame-kame, zumuncin shekara hamsin ya soma tsami. Sau da yawa kuwa babu yaudara a ciki. Wata takarda ce ta tsaya a tsakani, watau takardar lamuni, wadda miji zai nuna wa hukuma cewa samunsa ya kai ya riƙe matar. Ta wani gefen kuma sai ka ji an buga wa wani ɗan'uwa da ke can waya an ce, "Taimaka wa yaron nan, ai sa hannu kawai za ka yi." Shin da gaske sa hannu ne kawai? Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, saboda haka bari mu koma baya mu ga inda abin ya samo asali.

LAMUNI BA BAƘONMU BA NE

Kafin mu tafi ko'ina, mu tuna cewa unguwanninmu na Sabo da Zango a kan lamuni aka gina su. Ɗauki Sabon Badun, wadda aka kafa a 1916. Falke zai taso daga Arewa da garken shanu, bai san kowa ba a ƙasar Yarbawa, bai ji yarensu ba. Sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ne zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Mahauta kuwa yawanci bashi suke ɗaukar shanun, su biya bayan sun sayar da nama. In mahauci ya gudu ko ya karye, wuyan mai gida za a kama, domin da sunansa aka yi cinikin. Haka kuma abin yake a harkar goro a Shagamu da sauran wurare. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, ya kuma rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969, don mamakin yadda dukiya mai ɗimbin yawa ke yawo ba tare da takarda ko kotu ba.

Ka ga ke nan dokar ita ce: baƙo ba ya shiga gari sai da wanda zai tsaya masa. Turawa ma abin da suka ce ke nan. Bambancin kawai, lamunin kakanninmu a baki yake, mutunci ne jinginarsa. Nasu kuwa ya fara kamar namu, amma a hankali ya rikiɗe ya zama bashi rubutacce wanda alƙali ke karɓa da ƙarfin doka. Tarihin wannan rikiɗa shi ne abin da muke so mu bayar.

TUSHEN ABIN

Tushen yana Ingila. A 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka yi dokar da ta ɗora wa kowace gunduma nauyin ciyar da matalautanta daga harajin mutanen wurin. Da yake ba mai son ciyar da talakan wani, sai a 1662 aka ƙara wata doka, cewa in baƙo ya sauka a gunduma aka ga alamar zai zama kaya, ana iya mayar da shi inda ya fito cikin kwana 40, sai fa in ya kama hayar da ta kai fam 10 a shekara ko ya kawo jingina. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka da wannan ra'ayi suka tafi. Jihohi irin su Niyok sukan sa masu jiragen ruwa su ajiye jingina a kan fasinjan da ake tsoron zai zama nauyi.

A 1882 gwamnatin tarayyar Amurka ta karɓi ragamar. Dokar wannan shekara ta sa harajin rabin dala a kan kowane baƙo, ta kuma hana shiga ga duk wanda ba zai iya riƙe kansa ba sai ya jingina da baitulmali. A 1891 aka ƙara ɗaure igiyar: ba sai mutum ya zama kaya ba, ko alamar zai zama aka gani, ya isa a mayar da shi. Wannan doka ta 1891 ita ce kuma ta fara hana masu auren mace fiye da ɗaya shiga. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1892 aka buɗe tashar tantance baƙi a tsibirin Ellis, bakin birnin Niyok. A nan ne maganar kuɗi da maganar aure suka fara haɗuwa. Macen da ta sauko daga jirgi ita kaɗai, ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta da mai ciyarwa, don haka sai a tsare ta har miji ko wani ɗan'uwa ya zo ya karɓe ta. In saurayi ne ya zo, wani lokaci sai an ɗaura auren kafin a sake ta. A 1909 shugaban tashar, William Williams, ya ce lalle baƙo ya nuna dala 25 a hannu bayan kuɗin tikitin jirgin ƙasa. Mutane da yawa da suka sayar da duk abin da suka mallaka suka yi guzuri, a kan wannan dala 25 aka juyo da su.

SHEKARUN ƘUNCI

Daga 1924 tantancewa ta tashi daga bakin teku ta koma ofisoshin jakadanci. Watau tun a ƙasarku za ka nemi biza, jami'i guda ya dube ka ya yanke hukunci. Wannan shi ne asalin layin da 'yan'uwanmu suka sha bi a ofishin Amurka da ke Ikko.

Sai ga karayar tattalin arziki ta 1929, masana'antu suka rufe, miliyoyi suka rasa aiki. A watan Satumba na 1930 Shugaba Herbert Hoover bai tsaya jiran sabuwar doka ba, sai ya umarci jami'an biza su tsananta fassarar tsohuwar dokar nan ta "zai zama nauyi". Lissafin ya nuna aikin da umarnin ya yi: baƙi 241,700 suka shiga a 1930, amma a 1933 mutum 23,068 kacal. A wannan zamani ne takardar rantsuwa ta lamuni ta samu daraja, domin wanda ba shi da dukiya sai ya nemi ɗan'uwa a Amurka ya rubuto cewa zai ɗauki nauyinsa, ya haɗo da shaidar banki da ta albashi. Yahudawan Jamus da ke gudun Hitler sun ɗanɗana kuɗarsu a nan. Shekaru da dama guraben da aka ware wa Jamus ba su cika ba, ba don rashin masu nema ba, sai don jami'ai na cewa lamunin bai gamsar ba.

Darasin farko ke nan: duk sa'ad da aljihun ƙasa ya yi zafi, baƙo ake fara dubawa. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. 'Yan'uwanmu na zangunan Gana sun gani a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mu kuma muka rama a 1983 zamanin Shagari.

ƘOFAR AURE TA BUƊE

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun auro mata a Ingila da Faransa da Jamus da sauran wurare. A watan Disamba na 1945 aka yi musu doka ta musamman, mata da yara fiye da 100,000 suka shiga ta wannan hanya. A 1952 aka daidaita miji da mata, watau Ba'amurkiya ma tana iya kawo mijinta ba tare da jiran gurbi ba. Sa'an nan a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta rushe rabon gurabe bisa asalin ƙasa, tsarin da a ƙarƙashinsa ƙasashen Afirka da dama gurbi 100 kacal suke da shi a shekara. Daga nan dangantaka ta zama babbar ƙofar shiga, aure kuwa shi ne mafi faɗinta.

Inda ƙofa ta yi faɗi, dole a samu masu shiga da takalmi. Auren kwangila ya yawaita, a biya mace ko namiji a ɗaura auren takarda. Don haka a 1986, zamanin Shugaba Reagan, aka ce duk wanda aurensa bai cika shekara biyu ba, katin zama na wucin gadi za a ba shi na shekara biyu, sai ma'auratan sun dawo tare sun nuna auren na gaske ne. Wanda aka kama da auren bogi kuwa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000.

Amma duk wannan lokaci takardar lamuni ba ta da haƙori. A shekarun 1950 da 1960 hukumomi sun kai masu lamuni ƙara a jihohin Niyok da Mishigan da Kalifoniya, suna neman a biya su kuɗin asibitin da suka kashe wa baƙi. Kotuna suka ce a'a, wannan takarda alkawari ne na mutunci, ba yarjejeniyar da doka za ta tilasta ba. Ka ji inda maganar nan ta "sa hannu kawai" ta samo asali. A da gaskiya ce. Sai dai kiɗa ya canza tuni, wasunmu ba su canza rawa ba.

1996: SHEKARAR DA ALKAWARI YA ZAMA BASHI

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokoki biyu, ɗaya a watan Agusta a kan tallafin gwamnati, ɗaya a ƙarshen Satumba a kan shige da fice. Ta farko ta hana yawancin sababbin baƙi manyan tallafin tarayya har shekara 5. Ta biyu ta haifar da fom ɗin da ake kira I-864, wanda ya fara aiki ranar 19 ga Disamba 1997. Tun daga ranar, wanda ya sa hannu ya ƙulla yarjejeniya ce da gwamnatin Amurka.

Ga yadda abin yake. Mai lamuni dole ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, watau girin kad, kuma mazauninsa ya kasance Amurka. Sa'an nan samunsa na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci. Soja da ke bakin aiki kaɗai aka sassauta wa zuwa kashi 100 in matarsa ko ɗansa zai kawo. Shi wannan ma'auni wata ma'aikaciyar gwamnati ce, Mollie Orshansky, ta ƙirƙiro shi wajen 1963. Ta lissafa kuɗin cefane mafi araha da iyali za su rayu a kai, ta ninka sau uku, domin a lokacin kashi ɗaya bisa uku na samun iyali a abinci yake tafiya. Kowace shekara ana ɗaga shi gwargwadon tsadar kaya. A 1997 mai gida da matarsa su biyu suna bukatar kimanin dala 13,260. A 2025 adadin ya kai dala 26,437, gidan mutum huɗu dala 40,187, na mutum shida dala 53,937.

A lura da kyau, ƙidayar mutanen gida ba ta tsaya kan ango da amarya ba. Ana haɗawa da 'ya'yansa ƙanana ko da ba sa tare da shi, da duk wanda ya rubuta a takardar haraji cewa yana ciyarwa, da duk baƙon da ya taɓa tsaya wa wanda lamuninsa bai ƙare ba. Kuma ba baki ake ji ba, takardar haraji ake dubawa. Nan ne da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu tuƙin tasi da ƙananan sana'o'i suke faɗawa rami. Mutum yana samu sosai, yana aiko da kuɗi gida ana ta sa masa albarka, amma a takardar haraji ya rubuta kaɗan don ya rage biya. Ranar da ya tashi ɗauko matarsa sai takardar ta ba da shaida a kansa cewa shi matalauci ne.

In samu bai kai ba, akwai mafita biyu. Ta farko dukiya, kamar ajiyar banki ko gida, muddin za a iya mayar da ita kuɗi cikin shekara guda. Ɗan ƙasa mai kawo matarsa zai nuna ninki uku na giɓin, mai girin kad kuwa ninki biyar. Alal misali in giɓin dala 5,000 ne, na farko zai nuna 15,000, na biyu 25,000. Mafita ta biyu ita ce a samo mai lamuni na biyu, ko da ba dangi ba ne, wanda shi kaɗai samunsa ya isa ya ɗauki gidansa da kuma amaryar. To wannan shi ne ɗan'uwan da ake buga wa waya. Nauyin da ke kansa daidai yake da na mijin, ba ragi. In matar ta karɓi irin tallafin da doka ta lissafa, hukuma na da ikon bin kowanensu ta karɓi kuɗinta. Ita kanta matar tana da ikon kai kowanensu kotu. Ko gida ya sauya, wajibi ne ya sanar da hukuma cikin kwana 30, in ba haka ba akwai tara.

SAKI BA YA KWANCE SHI

Nan ne wurin da ya kamata malamanmu da iyaye su fi buɗe kunne. A shari'armu ta Musulunci ci da sha da sutura da wurin kwana suna kan miji muddin akwai aure, in an rabu kuma har idda ta cika. Daga nan sai nauyin 'ya'ya kawai ya rage. Lamunin Amurka bai san idda ba. Abubuwan da ke kwance shi ƙididdigaggu ne: matar ta zama 'yar ƙasa, ko a lissafa mata aikin shekara 10 da aka biya wa haraji, ko ta bar ƙasar ta ajiye katinta, ko mutuwa ta ɗauki ɗayansu. Saki ba ya cikin lissafin, kuma fom ɗin da kansa ya faɗi haka ɓaro-ɓaro.

An gwada wannan a kotu. Wata 'yar ƙasar Sin ta kai tsohon mijinta Ba'amurke ƙara bayan sun rabu. Maganar da ta taso ita ce, ai lafiyarta ƙalau, me ya hana ta neman aiki? A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chikago, ta bakin alƙali Richard Posner, ta ce dokar ba ta ɗora mata wajibcin neman aiki ba, shi ya sa hannu, shi zai biya. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙarar a Kalifoniya ta ce ko yarjejeniyar da ma'aurata suka rubuta kafin aure, cewa ba mai bin wani in an rabu, ba ta soke lamunin. A lissafin 2025, macen da ke zaune ita kaɗai ba ta da samu tana iya bin dala 19,562 a kowace shekara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sauran abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, mu da wakilai muke ɗaura aure, ango na iya kasancewa a wata duniya. Dokar Amurka ba ta karɓar auren da ma'aurata ba su halarta tare ba, sai in sun tare bayan ɗaurin. Na biyu, hanin nan na 1891 bai gushe ba: mace ɗaya doka ta sani. Ingila ma a 1988 ta rufe ƙofa ga mata ta biyu in ta farko ta riga ta shiga. Duk wanda zai ba da 'yarsa ga mai mata a can, ya san ba ta da hanyar bin sa ta wannan aure, komai kuɗinsa.

HANYAR INGILA

Ingila ta bi wata hanya dabam. Kafin 1962 ɗan Nijeriya na shiga Landan ba tare da wani shinge ba, a matsayinsa na ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Dokar 1962 ta fara rufe ƙofar, ta 1971 ta ƙarasa. Sharaɗin da aka daɗe ana bi shi ne miji ya nuna zai iya ciyar da matarsa ya ba ta wurin zama ba tare da taɓa baitulmali ba, kuma ma'aunin bai wuce abin da gwamnati ke ba marasa aiki ba. Wahalar wancan zamani a wani wuri take: daga farkon shekarun 1980 sai mai nema ya tabbatar cewa ba don shiga Ingila ya yi auren ba, abin da ya fi cutar da masu auren haɗi irin na gida. Gwamnatin Tony Blair ta soke wannan a 1997.

Ranar 9 ga Yuli 2012, lokacin Theresa May na ministar cikin gida, aka yanka adadi: fam 18,600 a shekara, da ƙarin 3,800 don ɗan fari da 2,400 don kowane na bayansa in yaran ba 'yan ƙasa ba ne. Yawanci sai mutum ya yi wata 6 yana karɓar wannan albashi. Wanda zai dogara da ajiya zalla sai ya nuna fam 62,500 da suka kwana wata 6 a hannunsa. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun lissafa cewa wajen kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata 'yan ƙasar ba su kai wannan adadi ba. A 2015 ofishin kwamishinar kula da yara ta Ingila ya ƙiyasta yara aƙalla 15,000 ne dokar ta shafa, da yawansu ba sa ganin uwa ko uba sai ta allon waya. An kai ƙara har Kotun Ƙoli, a watan Fabrairu na 2017 ta ce adadin bai saɓa doka ba, sai dai a riƙa duba maslahar yara. Ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000, ajiya kuma fam 88,500. An yi niyyar kai shi 38,700, amma gwamnatin da ta hau a watan Yuli na wannan shekara ta dakatar, kwamitin masu ba ta shawara kuma a 2025 ya ce kada a kai can.

Babban bambancin shi ne, a Ingila ba a san mai lamuni na biyu ba, sai a wani hali na musamman. Ko kawunka ne ya fi kowa kuɗi a Landan, alkawarinsa ba ya cike maka giɓi. Amurka ta ce kawo wanda zai tsaya maka mu ɗaure shi. Ingila ta ce tsaya da ƙafarka ko ka haƙura.

'YAN SHEKARUN NAN

Ko an cika sharaɗin kuɗi, siyasa na iya rufe ƙofa. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, a watan ne kuma ta fara aiki da sabuwar fassara mai tsanani ta dokar "zai zama nauyi". Joe Biden ya ɗage hanin a Janairu 2021, fassarar ma aka yi watsi da ita a wannan shekara. A Disamba 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, a Janairu 2026 kuma aka sanar da dakatar da bizar zama ga ƙasashe 75, har da tamu, da hujjar tsoron baƙi su zama nauyi. Watau kalmar 1882 ce dai aka sake zarowa daga kube, kamar yadda Hoover ya yi a 1930.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

To jama'a, mun ga yadda abin ya taso daga jinginar fam 10 har ya zama bashin da saki ba ya gogewa. Shawararmu ga iyaye: bincike kafin aure sunna ce da muka gada. Yadda ake tambayar asali da hali da sana'a, haka za a tambayi mai neman aure daga waje, cikin mutunci, wace irin takarda yake zaune da ita, mutum nawa ke wuyansa, kuma me takardar harajinsa ke cewa. Hoton mota a waya ba shaida ba ne. A kuma yi magana tun farko a kan inda yarinya za ta zauna, da wanda zai ciyar da ita, in jira ya yi tsawo.

Ga samarinmu da ke can: ku faɗi gaskiyar halinku, kada kunya ta sa ku yanka wa surukai wa'adin da ba a hannunku yake ba. Ku guji 'yan cuwa-cuwa masu haɗa takardun banki na jabu, domin ƙarya a neman bizar Amurka na iya jawo hani na har abada, kuma a kan yarinyar zai faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga wanda aka roƙa ya tsaya lamuni: ba mu ce kada ka taimaka ba, ai da taimakon juna muka kai inda muke a ƙasar mutane. Amma ka karanta kafin ka sa hannu, ka shawarci lauyan da ya san aikin, ka kuma sanar da iyalinka, domin abincinsu ka jinginar. Ga 'ya'yanmu mata kuma: ku san abin da aka sa hannu a kai dominku, ku riƙe kofi. Tun 1994 dokar Amurka ta ba matar da miji ke cutarwa damar neman takardarta da kanta, don haka kada wani ya mayar da takarda wuƙa a wuyanku.

Masu gidajen da suka kafa mana unguwannin nan ba su taɓa tsaya wa mutum ido rufe ba, sai sun san shi sun san kayansa. In kuwa suka tsaya, ko gidansu za su sayar sai sun cika. Alkawari kaya ne. Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje da mata na gari, ya haɗa waɗanda ke jira da iyalansu cikin alheri, ya kuma zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.